Malamin Gona da Goyon Ƙungiyoyin Manoma: Wa Ya Tambaye Shi?

A duk lokacin da gwamnati ko wata hukumar ba da agaji ta ƙasashen waje ta ƙaddamar da sabon shirin bunƙasa aikin gona a ƙasar nan, umurni na farko da ake aika wa ƙauye shi ne manoma su haɗu su kafa ƙungiya. Ba a ba da rance sai ga ƙungiya, ba a sayar da taki mai rahusa sai ta hannun ƙungiya, injin ban ruwa da na casar shinkafa ma sai an nuna takardar rajista kafin a duba buƙatar mutum. Wanda ake ɗora wa nauyin haɗa kan mutanen, da rubuta sunayensu, da zaunar da su a gindin bishiya har su zaɓi shugaba da ma'aji, shi ne malamin gona. An sha yin taruka a manyan otal-otal na Abuja a kan amfanin ƙungiya ga manomi, amma ba a cika tsayawa a tambayi shi malamin gonar yadda yake kallon wannan aiki ba, alhali kuwa a kafaɗarsa shirin yake tsayawa ko ya faɗi.

Duk wanda ya saba zama da waɗannan ma'aikata, ko a hedkwatar Hukumar Raya Aikin Gona ta Babban Birnin Tarayya da ke Gwagwalada, ko a yankunan Kuje da Kwali da Abaji da Bwari, zai lura cewa zuciyarsu biyu ce game da ƙungiyoyin manoma. Suna son su domin sun san babu wata hanyar isa ga jama'a da ta fi su. Suna kuma ɗari-ɗari da su domin sau da yawa ta dalilinsu mutuncin malamin gona yake zubewa a ƙauye. A ganina dukkan ra'ayoyin biyu suna da hujja, kuma tushen matsalar yana cikin yadda aka tsara aikin, da yadda ake biyansa, da yadda ake auna shi.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin irin aikin da aka horar da malamin gona a kansa tun asali. Shirye-shiryen raya aikin gona da aka fi sani da ADP sun soma ne a tsakiyar shekarun 1970 a Funtuwa da Gusau da Gombe, da rancen Bankin Duniya, kafin a faɗaɗa su zuwa jihohi baki ɗaya, kamar yadda aka kafa KNARDA a Kano a 1982. A shekarun 1980 waɗannan hukumomi suka rungumi tsarin horo da ziyara, wanda wani masani ɗan Isra'ila mai suna Daniel Benor ya ƙirƙiro, aka gwada shi a Turkiyya da Indiya, sannan Bankin Duniya ya yaɗa shi a ƙasashen Asiya da Afirka. Tsari ne irin na soja. Ana raba yankin malami gida 8, kowane gida da ranarsa ta ziyara sau ɗaya a mako 2. A kowane gida akwai zaɓaɓɓun manoma kamar 10 waɗanda malamin yake hulɗa da su kai tsaye, da fatan maƙwabta za su gani su kwaikwaya. Duk bayan mako 2 malamai sukan taru a koya musu saƙon da za su kai: tazarar shuka, ranar zuba taki, adadin maganin feshi. Su ma masu koyar da su sukan zauna da masana daga cibiyoyin bincike irin ta Samaru sau ɗaya a wata. Malami ba ya sayar da taki, ba ya raba rance, ba ya karɓar bashi. Hasali ma ƙa'idar tsarin ta hana shi yin haka, don kada harkar kuɗi ta shagaltar da shi daga koyarwa.

Tsoffin malaman gona suna tuna wancan zamani da kewa, kuma ba a rasa dalili ba. Akwai babur, akwai alawus na mai, akwai gonar gwaji, mutum ya san inda zai kwana ya san inda zai tashi. Sai dai tsarin yana da tsadar gaske, kuma da rancen Bankin Duniya ya ƙare a tsakiyar shekarun 1990, jihohi suka kasa ɗaukar nauyinsa. Shi kansa Bankin daga baya ya dawo daga rakiyar tsarin, bayan da bincikensa a ƙasashe irin su Kenya ya kasa nuna cewa amfanin ya kai kuɗin da aka kashe. An kuma gano cewa zaɓaɓɓun manoman nan yawanci masu hali ne da na kusa da mai gari, kuma abin da suka koya ba ya gangarowa ga talaka kamar yadda aka yi zato.

Daga nan ne ƙungiya ta zama abin yayi, kuma lissafi ne ya kawo ta. A zamanin horo da ziyara abin da ake nema shi ne malami ɗaya ga iyalai 800 zuwa 1,000. Tun da aka daina ɗaukar sababbin ma'aikata yadda ya kamata, tsofaffi kuma suna ta yin ritaya, a wurare da dama malami ɗaya ya koma yana da manoma dubbai a hannunsa, kamar yadda cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya take nunawa a rahotanninta na damina. Mu ɗauki misali don a ga girman abin. Idan malami yana da iyalai 5,000, aka kasa su ƙungiya-ƙungiya mai mutum 25, zai tashi da ƙungiyoyi 200. In yana fita ƙauye kwana 4 a mako, yana zama da ƙungiya ɗaya a rana, sai ya yi mako 50 kafin ya zagaye su, wato kowace ƙungiya za ta gan shi sau ɗaya a shekara. To ina ga a ce gida-gida zai bi? Wannan ne ya sa ba za ka sami malamin gona mai hankali da zai ce a soke ƙungiya ba. Ita ce kaɗai ke mayar da abin da ba zai yiwu ba ya zama mai wuya kawai.

A Babban Birnin Tarayya akwai wani dalili na daban wanda masu tsara manufofi ba su cika ambatawa ba. Dokar soja mai lamba 6 ta 1976, wadda ta kafa yankin a zamanin Janar Murtala Muhammed, ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya dukkan ƙasar da ke cikinsa. Manomin Gbagyi ko Gade ko Bassa ko Koro da ke shuka doya a gonar da ya gada daga kakanninsa a Rubochi ko Yaba ko Dobi, galibi ba shi da takardar mallaka da banki zai karɓa a matsayin jingina, kuma yana sane cewa wata rana ana iya zuwa da taswira a ce an ba wani kamfanin gine-gine wurin. Mutumin da ba shi da jingina, abin da ya rage masa ya kai banki shi ne amanar maƙwabtansa. Ƙungiya a nan tana tsaya wa manomi a madadin takardar fili. Saboda haka malamin gona na Abuja ya fi takwaransa na wasu jihohi sanin cewa idan ƙungiya ta watse, ƙofar rance ta rufe wa mutanen ƙauyen ke nan.

An kuma ga inda abin ya yi amfani. Shirin Fadama kashi na biyu, wanda ya soma a 2004 da rancen dala miliyan 100 daga Bankin Duniya, ya haɗa da Babban Birnin Tarayya cikin wurare 12 da Bankin ya ɗauki nauyinsu. Kashi na farko na shekarun 1990 ya fi mayar da hankali ga masu noman rani, da injinan ban ruwa da ƙananan rijiyoyi, abin da ya jawo ƙorafi daga makiyaya waɗanda aka toshe musu burtali da mashaya. A kashi na biyu sai aka ce kowane rukuni na masu cin moriyar fadama, manoma da makiyaya da masunta da mafarauta da mata masu sarrafa amfanin gona, ya kafa tasa ƙungiyar, sa'an nan su haɗu a babbar ƙungiyar yanki su rubuta abin da suke so a yi musu, su kuma biya wani kaso na kuɗin kayan aiki daga aljihunsu. Cibiyar binciken manufofin abinci ta IFPRI da ke Amurka ta auna shirin, ta kuma gano cewa kuɗin shigar waɗanda suka shiga ya ƙaru da kimanin kashi 60 cikin 100, ko da yake ƙarin bai fito fili ba a wurin mafiya talauci. Wannan nasara ce ta sa aka faɗaɗa kashi na uku zuwa jihohi 36 da Abuja da rancen dala miliyan 250.

Sai dai mai karatu ya lura da abu guda. Shirin Fadama ya tanadi jami'ai na musamman waɗanda aikinsu kawai shi ne rainon ƙungiyoyin, ya horar da su, ya ba su abin hawa da alawus. Wato inda ƙungiya ta yi albarka, an biya kuɗin goyonta. Darasin da hukumomi suka ɗauka kuwa shi ne rabi na farko kawai, cewa ƙungiya tana aiki. Rabi na biyu, cewa tana da tsada, an bar shi a cikin rahoto. Da shiri ya ƙare, jami'an kwangila suka kama gabansu, ƙungiyoyin da injinansu da rigingimunsu suka dawo hannun malamin gona na dindindin, wanda a da yake kallon abokin aikinsa na shiri yana wuce shi a sabon babur.

Abin da ya fi ci wa malaman gona tuwo a ƙwarya shi ne ƙungiyar da ba ƙungiya ba. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1993 ta yarda mutum 10 su yi rajista. Da zarar an ji a rediyo cewa za a raba taki ko rance, sai ka ga ƙungiyoyi sun tsiro kamar ciyawa bayan ruwan farko, da yawansu a cikin jakar mutum ɗaya suke zaune, shi ne shugaba, matarsa ma'aji, ƙaninsa magatakarda. A Abuja abin ya fi muni, domin tazarar da ke tsakanin ofis da ƙauye ba ta da yawa, kuma ma'aikacin gwamnati ko ɗan siyasa da ke zaune a Garki ko Kubwa yana iya zama manomin Kwali a takarda cikin yini guda. Ana kawo wa malamin gona jerin sunaye daga sama a ce ya sa hannu ya tabbatar. In ya ƙi, ya saɓa wa na gaba da shi. In ya yarda, manoman gaskiya da suka yi wata 3 suna zuwa taronsa suna biyan kuɗin ƙungiya za su ga motar taki ta wuce su, kuma ba za su je sakatariya neman bayani ba, shi za su tare a kasuwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Malamin da aka taɓa yi wa haka sau biyu, in aka sake cewa ya je ya kafa ƙungiya, jikinsa a sanyaye zai tafi, kuma ban ga laifinsa ba.

Shirin ba da rance na Babban Bankin Nijeriya ga ƙananan manoma, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, ya nuna iyakar wannan hanya. An tsara manoma su kasance cikin rukuni na mutum 5 zuwa 20, kowa ya tsaya wa ɗan'uwansa, a ba su iri da taki da magani, su biya da amfanin gona bayan girbi. An fitar da fiye da naira tiriliyan 1. A farkon 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin 100 kawai aka biya, Babban Bankin ya mayar da martani cewa abin da aka biya ya kai kashi 52 cikin 100. Ko an ɗauki adadin Bankin, kusan rabin kuɗin bai dawo ba a lokacin, kuma sabon shugabancin Bankin ya janye daga irin waɗannan shirye-shirye a ƙarshen 2023. Dalilan suna da yawa, akwai ambaliya, akwai rashin tsaro, akwai kayan noma da suka iso bayan shuka ta wuce, akwai kuma waɗanda suka ɗauki rancen a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa. Amma ga mai nazarin tattalin arziki akwai dalili ɗaya da ya tsaya a tsakiya. Lamunin juna yana aiki ne idan mutane da kansu suka zaɓi waɗanda za su tsaya wa, domin sun san wane ne rago, wane ne mai cika alkawari. Haka bankin Grameen na Muhammad Yunus ya soma a Bangladesh da rukunin mutum 5 da suka san juna ciki da waje. Idan kuwa a ofis aka haɗa sunaye don a cike gurbi kafin ranar rufe rajista, babu wanda zai ji kunyar wani, kuma da mutum ɗaya ya ƙi biya ba a yi masa komai ba, sauran za su ga wauta ce su biya.

A irin wannan hali ne ake juyowa ga malamin gona a ce ya taimaka a karɓo bashi, tunda shi ya san gidajen mutane. A nan nake ganin ana tafka asara mafi girma, wadda ba ta fitowa a kowane lissafi. Jarin malamin gona ɗaya ne, shi ne manomi ya yarda ya faɗa masa gaskiya: buhu nawa ya samu, wane magani ya fesa, ina tsutsa ta soma. Ranar da ya zama ɗan karɓar bashi, manomi zai fara ɓoye masa rumbu. Daga nan in annoba ta shigo, kamar tsutsar masara da ta bayyana a ƙasar nan a 2016, ko ƙwaron tumatir da manoman Kano suka laƙaba wa suna Sharon, wanda ya cinye gonaki a wannan shekarar, mutumin da ya kamata ya fara ji shi ne wanda ake gudu in an hango babur ɗinsa. Benor da duk kurakuran tsarinsa ya fahimci wannan.

Akwai kuma batun girma, wanda ba a faɗa a fili amma yana nan. Sunan da Bahaushe ya ba wannan ma'aikaci shi ne malam, kuma malam shi ne mai magana a saurara. Rainon ƙungiya yana buƙatar akasin haka. Tsarin makarantar manoma a gona, wanda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta soma a Indunusiya a 1989 don yaƙi da ƙwarin shinkafa, ya ginu ne a kan manoma kamar 25 su riƙa haɗuwa kowane mako har damina ta fita, su duba gona da kansu, su ƙirga ƙwari, su yi gardama, su yanke shawara, malami yana gefe yana jefa tambaya. Mutumin da ya yi shekaru a kwalejin aikin gona yana haddar sunayen cututtuka da ma'aunin taki, sa'an nan a ce ya yi shiru tsohon da bai taɓa shiga aji ba ya gyara masa zance a gaban jama'a, dole ya ji wani iri. Wasu sukan ɗauka an rage musu matsayi, daga masani zuwa mai kiran taro. Waɗanda suka daure suka gwada kuwa sukan ce a nan suka fara jin daɗin aikin, domin abin da manoma suka gano da idonsu ba ya buƙatar a dawo a tuna musu. Amma daurewar sai da horo, kuma kwalejojinmu sun fi ƙarfi a fannin ƙasa da tsiro fiye da fannin mutane. Ba a cika koya wa ɗalibi yadda ake duba littafin ma'aji ba, ko yadda ake hana mai kuɗin gari mamaye taro ba tare da an ɓata da shi ba, ko yadda ake sasanta mutum biyu da suka haɗa kuɗi suka sayi injin niƙa, ɗaya yana zargin ɗaya da cin kuɗin gyara. Waɗannan kuwa su ne ke kashe ƙungiya, tun kafin a zo maganar iri.

A yankin Abuja har harshe ma aiki ne. Da Hausa ake gudanar da yawancin taruka domin ita ce harshen kasuwa, amma ba kowace dattijuwar Gbagyi ko Bassa ce za ta iya kare ra'ayinta da ita a gaban maza ba, alhali mata a waɗannan ƙabilu suna cikin aikin gona tsundum, daga shuka har dakon doya zuwa kasuwa. Sashen mata a aikin gona da aka buɗe a hukumomin ADP a ƙarshen shekarun 1980 ya yi aiki ne ta hanyar ƙungiyoyin mata tun daga farko, kuma ma'aikatansa sun riga takwarorinsu maza sanin wannan sana'a. Abin takaici shi ne su ne mafiya ƙaranci, kuma ba kasafai ake neman shawararsu ba idan ana tsara sabon shiri.

Sai maganar mai. Ƙungiya kamar jariri take, ba a goyonta daga nesa. Kafin 29 ga Mayu, 2023, litar fetur a gidajen man gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Da aka cire tallafi ta haura naira 500, a watan Oktoba na 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a Abuja. Malamin da zai tashi daga Gwagwalada ko Kuje ya shiga ƙauyukan da ke bayan rafi da damina, in ba a ba shi kuɗin mai ba, daga albashinsa zai cire, ko kuwa ya zauna a ofis ya rubuta rahoton taron da ba a yi ba. Ga kuma tsoro. Satar mutane da ta addabi yankin Bwari a farkon 2024, da irinta a wasu sassan Kuje da Kwali da Abaji, ta sa tara mutum 25 a wuri guda a rana sananniya, tare da baƙo mai kama da ma'aikacin gwamnati, ya zama abin da kowa zai yi tunani sau biyu a kansa.

Wasu za su ce zamani ya wuce wannan duka, tunda akwai wayar hannu. Hujjarsu tana da ƙarfi. Shirin da Dokta Akinwumi Adesina ya kawo a 2012 yana Ministan Aikin Gona ya aika wa manoma saƙo ta waya su je su karɓi buhu 2 na taki a kan rabin farashi, ba tare da sun bi ta hannun kowa ba, kuma ya rage cuwa-cuwar 'yan tsakiya ƙwarai. Ni ma ina ganin rabon kaya ya fi dacewa da wannan hanya, kuma cire shi daga hannun ƙungiya zai kori 'yan jaka, ya sauke wa malamin gona babban nauyi. Amma akwai abubuwan da waya ba ta yi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Manomi ɗaya da ya daina zuba guba a rumbunsa ba zai sami ƙarin ko kwabo ba, domin a kasuwa za a juye wakensa cikin na kowa. Sai idan manoma 30 sun yarda da ƙa'ida ɗaya, suna sa wa juna ido, suna sayarwa tare, mai saye zai biya kuɗin inganci. Haka feshin tsutsa yake, in ka fesa maƙwabcinka bai fesa ba, ka yi aikin banza. Haka gyaran hanyar ruwa a fadama. Masanin tattalin arziki Mancur Olson ya bayyana tun 1965 dalilin da ya sa irin wannan haɗin kai ba ya samuwa da kansa: kowa yana so a yi, kowa kuma yana so wani ya yi. Elinor Ostrom, wadda ta sami lambar Nobel a 2009, ta nuna cewa jama'a suna iya shawo kan matsalar idan su suka kafa dokokinsu, suna iya ganin mai saɓawa, kuma hukuncin yana hawa daki-daki.

Ƙauyukanmu sun san wannan tun kafin a rubuta shi. Gayya tana tafiya domin wanda bai zo gonarka ba, ba za ka je tasa ba. Adashi yana zagayawa shekara da shekaru a hannun uwar adashi ba tare da takardar rajista ba, domin wadda ta ci ta gudu ta san ba za ta sake shiga wani a garin ba. Malaman gona da suka daɗe a aiki sun san cewa ƙungiyar da ta tsiro daga irin wannan tushe ita ce take rayuwa bayan shiri ya tafi. Matsalarsu ita ce takardar da ake auna su da ita tana tambayar ƙungiya nawa aka kafa a wannan wata. Ba ta tambayar nawa ne cikin na shekara 3 da suka wuce har yanzu suke zama, suke da kuɗi a asusu, suka taɓa canza shugaba ba tare da faɗa ba. Ma'aikaci kuwa abin da ake ƙirgawa shi yake samarwa. In aka ce adadi ake so, za a sami adadi.

Saboda haka nake ganin gyaran da ya fi sauƙi, wanda ba ya buƙatar rancen waje, shi ne Sakatariyar Aikin Gona ta Babban Birnin Tarayya ta sauya wannan takarda, ta daina yaba wa malami a kan sababbin ƙungiyoyi, ta koma yaba masa a kan waɗanda suka rayu. Ta kuma rubuta a fili cewa malamin gona ba ya tantance jerin masu cin gajiyar rabo, ba ya karɓar bashi. Wannan aikin jami'an ƙungiyoyin gama kai ne da na banki, su ma ana biyansu albashi. Duk wani shiri, na gwamnati ko na masu agaji, da ya sa ƙungiya ta zama sharaɗi, a tilasta masa ya ware kuɗin ziyara na aƙalla damina 2 bayan ƙarewarsa, a kuma biya kuɗin man kai tsaye ga malamin da ya je, bisa sa hannun ƙungiyar da ya ziyarta. Matasan da aka ɗauka a ɓangaren noma na shirin N-Power daga 2016, a kan naira 30,000 a wata na ɗan wa'adi, sun nuna akwai masu son aikin, sai dai mutumin da ya san zai tafi ba da jimawa ba, ba zai iya gina amanar da take ɗaukar shekaru ba, manoma ma sun san haka.

Ƙasar Habasha, wadda ba ta kai mu arziki ba, ta zaɓi ta ajiye malaman gona 3 a kowace ƙaramar gunduma tare da cibiyar horar da manoma, ta ɗauki ma'aikata dubun dubata, ta biya su daga kasafinta. Ana iya sukar yadda gwamnatin can ta yi amfani da su a siyasa, amma ba a iya cewa ba ta ɗauki aikin da muhimmanci ba. Mu kuwa mun sa hannu a yarjejeniyar Maputo ta 2003 cewa za mu ware kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗi ga aikin gona, muka sabunta alkawarin a Malabo a 2014, kasafin Gwamnatin Tarayya bai taɓa zuwa kusa da haka ba. A watan Yuli na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan wadatar abinci, a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Yankin Abuja yana da ƙananan hukumomi 6 kacal, da kasuwar da ba ta ƙoshi da doya da shinkafa da kayan miya, kuma daga ofishin minista zuwa fadamun kogin Gurara tafiyar sa'o'i kaɗan ce. In akwai inda za a gwada biyan kuɗin goyon ƙungiya yadda ya kamata, a auna sakamakon damina 3 a jere, to a nan ne, kuma matakin farko shi ne a tara malaman gonar yankin a Gwagwalada, ba tare da manyansu a ɗakin ba, a tambaye su ƙungiyoyi nawa ne cikin waɗanda ke rajista suke raye.